Farin Zane a Bangon Gidanmu na Tawa

Idan bazara ta kankama a Tawa babu mai marmarin shiga ɗaki kafin tsakar dare, saboda haka kowa yakan fito da tabarmarsa tsakar gida yana jiran iska ta sauko. A irin wannan lokaci ne, shekaru biyu da suka wuce, na kafa farin zanen gado a jikin bango da ƙusoshi huɗu, na ɗora wata ƴar ƙaramar majigi da na aro daga wani abokin aikina a kan kujera, na haɗa ta da kwamfutata, na kuma ƙudura a raina cewa duk ranar Asabar bayan sallar isha'i zan kalli tsohon fim guda ɗaya, ina bin su bisa jerin shekarun da aka yi su, ba bisa abin da raina ya so ba. Abin da ya kai ni ga haka kunya ce. Na daɗe ina karanta tarihin silima a littattafai, har na haddace shekaru da sunaye kamar mai shirin jarrabawa, amma ranar da wani ɗalibina ya tambaye ni dalilin da ya sa ake cewa wani fim na 1925 ya sauya yadda ake haɗa hotuna, sai na tarar ba ni da amsar da ta wuce maimaita abin da na karanta, domin ban taɓa ganin fim ɗin da idona ba. Hausawa sun ce gani ya kori ji, ni kuwa a ranar ji kawai nake da shi.

Na fara daga inda littattafai ke farawa, wato ranar 28 ga Disamba 1895, lokacin da aka karɓi kuɗin shiga daga hannun mutane a wani ɗaki da ke ƙarƙashin gidan shan gahawa na Grand Café a birnin Faris, aka nuna musu gajerun finafinai guda goma na wa da ƙane, Auguste da Louis Lumière. Kowane ɗaya bai cika minti guda ba, domin zaren fim ɗin da na'urarsu ke ɗauka bai wuce mita 17 ba. A ɗaya daga cikinsu ana ganin ma'aikata suna fitowa daga masana'antar iyalin a birnin Liyon, ƙofa ta buɗe, mata da maza suna tuɗaɗowa, kare ya gitta, wani ya wuce da keke, shi ke nan. Yaran gidanmu da suka taru suka ce, “Har ya ƙare?” Ni ma abin da na fara ji ke nan, amma da na maimaita kallon sai na lura da abin da babu a cikinsa, wanda shi ne darasin: kyamara ba ta motsa, ba a matsa kusa da fuskar kowa, ba a yanke daga wannan hoto zuwa wancan. Tamkar mutum ne zaune a ƙofar gida yana kallon masu wucewa. Duk wata dabara da muke gani a fim yau ba tare da mun lura da ita ba, sai da wani ya zauna ya ƙirƙiro ta bayan wannan rana. Mako na biyu na kalli tafiyar nan zuwa duniyar wata da Georges Méliès ya shirya a 1902, inda kumbo ke faɗawa cikin idon wata. Méliès mai wasan rufa-ido ne tun asali, kuma ya gane cewa idan aka tsayar da kyamara, aka cire mutum daga gabanta, aka ci gaba da ɗauka, mai kallo zai ga mutumin ya ɓace ɓat. Cikin shekara bakwai kacal hanya ta rabu biyu, wasu suna ɗaukar duniya yadda take, wasu suna ƙaga wadda babu ita.

A mako na uku ne Kawu ya shigo cikin lamarin. Yayan mahaifiyata ne, ya haura shekara saba'in, kuma kamar yawancin Adarawan zamaninsa ya yi shekaru yana zuwa biɗa Abijan kafin ya dawo gida ya zauna. Ya zo ne shan shayi, ya tarar da mu muna kallon mutane suna tafiya da ɗan tsalle-tsalle kamar waɗanda aka kora, sai ya ce, “Ɗana, ashe Turawan da haka suke da gaggawa?” Na bayyana masa cewa laifin na'ura ne. A zamanin finafinai marasa magana da hannu ake juya kyamara, ana ɗaukar hoto kamar 16 zuwa 18 a kowace daƙiƙa, amma da sauti ya shigo aka tsayar da ƙa'ida a kan hoto 24, don haka idan aka haska tsohon fim da saurin sabuwar na'ura, sai kowa ya zama mai sauri. Kawu ya gyaɗa kai, ya gyara zama, kuma tun daga ranar bai sake fashin Asabar ba sai da dalili mai ƙarfi.

Fim ɗin 1925 da ɗalibina ya tambaye ni a kansa shi ne na Sergei Eisenstein game da boren sojojin ruwan jirgin yaƙi na Potemkin, kuma sau uku na kalli sashen matakalar Odesa a dare ɗaya. Sojoji suna saukowa daga sama a jere, jama'a suna gudu ƙasa. Idan da gaske ne, minti biyu ya isa mutum ya sauka daga wannan matakala, amma Eisenstein ya ja abin ya yi tsawo, yana yanke hoto daga takalman sojoji zuwa fuskar uwa, daga fuskar uwa zuwa hannun yaron da aka taka, daga nan zuwa keken jariri da ya kuɓuce yana gangarawa, sannan ya koma kan takalman. Babu inda aka nuna maka duk abin a hoto ɗaya, zuciyarka ce ke ɗinke guntayen ta ba ka tsoro. A ƙarshen sashen akwai gumakan zaki na dutse guda uku, ɗaya yana barci, ɗaya ya farka, ɗaya ya miƙe, kuma da aka jera su da sauri sai ka rantse dutse ne ya tashi tsaye. A nan na fahimci cewa tace fim ba gyaran kurakurai ba ne kawai, a wajen tacewar ne ake gina ma'ana. Sai dai akwai abin da ya kamata mai kallo ya riƙe: gwamnatin Sobiyet ce ta sa aka yi fim ɗin don tunawa da cika shekara 20 da juyin 1905, kuma kisan da aka nuna a kan matakalar, a yadda aka nuna shi, ƙagen darakta ne. Dabarar da ta burge ni ita ce dai dabarar farfaganda, kuma ita ake amfani da ita har gobe a tallace-tallace da bidiyon siyasa da ke yawo a wayoyinmu.

Charlie Chaplin bai buƙaci wani bayani ba. Da hularsa da sandarsa suka bayyana, Kawu ya buga cinya ya ce, “Sharlo ne!” domin da wannan suna ya san shi a gidajen silima na Abijan. A daren ne na ga amfanin rashin magana, saboda tsoho da jikokinsa da ba su fara zuwa lakwal ba duk suna dariya a wuri ɗaya, ba wanda ya nemi a fassara masa. Da sauti ya shigo a 1927 sai aka samu koma baya na ɗan lokaci, wanda littattafai ba su cika nanatawa ba amma ido yana gani. Kyamarar lokacin tana da ƙara, don haka aka kulle ta cikin akwati don kada makirfo ya ɗauki gurnaninta, ƴan wasa kuma suka daskare kusa da inda aka ɓoye makirfon. A ganina finafinai masu magana na farkon nan sun fi na bebaye na ƙarshe gundura nesa ba kusa ba, kuma ban yi mamaki ba da na ga Chaplin ya ƙi sakin tsohuwar hanya har 1936, bai yi fim mai cikakkiyar magana ba sai a 1940.

Akwai wani abu da ya riƙa damuna yayin da nake tsara jerin nan. Abin da muke kira tsofaffin finafinai na ƙwarai, a gaskiya waɗanda suka tsira ne. Har zuwa farkon shekarun 1950 ana yin zaren fim da sinadarin naitiret, wanda ke kama wuta kamar fetur kuma yake ruɓewa ya zama gari idan ya daɗe. Wani bincike da babban ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka ya fitar a 2013 ya nuna cewa kusan kashi 70 cikin 100 na dogayen finafinai marasa magana da aka yi a ƙasar sun ɓace gaba ɗaya. Fim na farko mai magana a Indiya, Alam Ara na 1931, shi ma babu kwafinsa a yau. Daga cikin waɗanda suka tsira kuma, masu sharhi na Turai da Amurka ne suka daɗe suna zaɓen waɗanda za a kira fitattu, don haka mai bin jerinsu ido rufe zai iya kai wa ƙarshe yana zaton sauran duniya ƴan kallo ne kawai.

Bayan yaƙin duniya na biyu sai hotunan suka fara kama da rayuwar da na sani. A Italiya ɗakunan shirya fim sun lalace, kuɗi babu, sai daraktoci suka fita titi da kyamara suna ɗaukar talakawa. A fim ɗin Vittorio De Sica na 1948 game da ɓarayin keke, wani magidanci ya samu aikin liƙa takardun talla wanda ba ya yiwuwa sai da keke, matarsa ta jinginar da zannuwan gadonsu aka fanso keken, kuma a ranar farko ta aiki aka sace shi. Wanda ya fito a matsayin magidancin ma'aikacin masana'anta ne, ba ɗan wasa ba. Wani maƙwabcinmu ɗan kabu-kabu da ya tsaya kallo daga tsaye bai zauna ba har aka gama, kuma ban tambaye shi dalili ba, domin kowa a unguwa ya san abin da babur yake nufi ga mai iyali. Wannan fim ne daraktan Indiya Satyajit Ray ya gani a Landan a 1950, ya koma Bengal ya yi Pather Panchali, wanda ya fito a 1955. Bin finafinai bisa shekaru yana nuna maka irin wannan zare, yadda dabara ke tashi daga Roma ta sauka a ƙauyen Indiya.

Daren da na sa Mother India na 1957 kuwa tabarmi ba su isa ba, domin har mahaifiyata da ƙawayenta sun fito, kuma wasu daga cikinsu suna bin waƙoƙin da baki ba tare da sun san kalma ɗaya ta Indiyanci ba. Kawu ya riƙa ba da labarin Mangala, sunan da aka san fim ɗin Aan na 1952 da shi a ƙasashen da ke amfani da Faransanci, wanda ya ce ba ya iya ƙirga sau nawa ya gan shi. Masu yi wa finafinan Kano faɗa a kan rawa da waƙa, tun daga lokacin da harkar bidiyo ta fara da Turmin Danya a 1990, ya kamata su zauna a irin wannan dare. Labarin uwa mai haƙuri, da bashin mai kuɗin ƙauye, da auren dole, da kunya tsakanin saurayi da budurwa, duk sun riga sun sami wurin zama a zukatan iyayenmu shekaru da dama kafin a haifi ƴan wasan da ake zargi da kwaikwayo. Ba ina cewa duk kwaikwayon yana da kyau ba, ina cewa yana da tarihi.

Sai na iso inda tarihin ya shigo gida. A 1934 gwamnatin Faransa ta kafa wata doka da ake kira da sunan Pierre Laval, wadda ta hana ɗaukar fim a ƙasashen da take mulka a Afirka sai da izinin hukuma, kuma a aikace hakan ya rufe wa ƴan ƙasa ƙofa. Shi ya sa Paulin Vieyra da abokansa ƴan Afirka suka yi Afrique sur Seine a 1955 a birnin Faris maimakon a gida. Kakanninmu sun san majigi, har a wasu wurare na ƙasar Hausa ana kiran silima dodon bango, amma an ajiye su ne a gaban allo, ba a bayan kyamara ba.

Jean Rouch, Bafaranshe mai shirya fim, ya zo Nijar a 1941 a matsayin injiniyan hanyoyi, ya dawo bayan yaƙi ya bi kogin Kwara cikin kwalekwale tare da abokansa biyu a 1946 da 1947, kuma shi da kansa yakan ba da labarin yadda ya rasa mariƙin kyamararsa mai ƙafa uku a wannan tafiya, abin da ya tilasta masa ɗaukar hoto da kyamara a hannu. Kyamarar irin wadda ake murɗawa ce kamar agogo, ba ta wuce daƙiƙa ashirin da ƴan kai sai ta tsaya, kuma ba ta ɗaukar sauti. Waɗannan naƙasu biyu su ne suka haifi Moi, un noir na 1958. Rouch ya bi wasu samari ƴan Nijar da ke aikin ƙarfi a unguwar Treichville ta Abijan yana ɗaukarsu, daga baya ya haska musu hotunan ya ce su yi magana a kai yadda suka ga dama. Muryar da ta mamaye fim ɗin ta wani saurayi ce ɗan dako a tashar jiragen ruwa, tsohon sojan da ya yi yaƙin Indocin, wato yankin Bietnam, mai suna Oumarou Ganda, wanda ya raɗa wa kansa sunan wani tauraron Amurka, Edward G. Robinson, kamar yadda abokansa suka ɗauki sunayen su Tarzan da Eddie Constantine.

Ban gaya wa Kawu abin da za mu kalla ba. Da aka nuna samarin suna tsaye da safe suna jiran a ɗauke su aikin yini, sai na ji ya ajiye kofin shayinsa. Da aka nuna buhuna a kan kafaɗu a bakin tashar jiragen ruwa, sai ya ce a hankali, “Ɗana, mayar da shi baya.” Na mayar. Ya matso kusa da zanen har inuwar kansa ta rufe kusurwa ɗaya, yana nuna wurare da yatsa, yana faɗin inda ake sayar da abinci mai arha da inda suke kwana su goma a ɗaki ɗaya, ko da yake shi ya isa can ne shekaru bayan an ɗauki fim ɗin. Ya ce su ma duk sun yi sunayen kaboyi, amma ya ƙi faɗin nasa a gaban jikoki. A ƙarshen fim ɗin Ganda yana tafe a bakin ruwa yana ba wani yaro labarin yaƙi, yana faɗuwa ƙasa yana kwatanta harbi da mutuwa, sannan ya tashi ya ci gaba da tafiya a matsayin wanda ya yi wa Faransa yaƙi ya dawo babu komai. Fim ɗin ya ci kyautar Louis Delluc, daraktan Faransa Jean-Luc Godard ya yabe shi a rubuce kafin ya fitar da nasa dogon fim na farko a 1960, kuma wanda ya kalli biyun a jere zai ga kamar: kyamara a hannu, titi na gaske, saurayi mai kwaikwayon taurarin Amurka. Wato sabon salon da littattafai ke cewa an haifa a Faris yana da dangi a Treichville, cikin bakin ɗan Yamai.

Ba na cikin masu ɗaukar Rouch kamar waliyyi. Daraktan Senegal Ousmane Sembène ya taɓa faɗa masa ido da ido cewa shi da ire-irensa suna kallon ƴan Afirka kamar masu nazarin ƙwari, kuma wanda ya kalli fim ɗin Rouch mai suna Les Maîtres fous na 1955, game da ƴan bori na Hauka a Akara, zai gane abin da ya ɓata wa ɗaliban Afirka na Faris rai a lokacin. Amma Rouch ɗin ne kuma ya buɗe wa wasu ƙofa suka shiga suka wuce shi, ya yi aiki shekara da shekaru da ƴan Nijar irin su Damouré Zika, kuma a ƙasar nan ya ƙare, cikin haɗarin mota kusa da Birnin Ƙonni a jiharmu a watan Fabrairun 2004, aka binne shi a Yamai.

Shekara goma bayan Treichville, Ganda ya riƙe kyamara da kansa. Cabascabo na 1968 labarin tsohon soja ne da ya dawo daga Indocin da ƴan kuɗinsa, abokai suka taya shi cinyewa suka watse, ya rasa aikin da zai yi a birni har ya koma ƙauye riƙon hauya. An nuna shi a bikin finafinai na Kan (Cannes) a Faransa a 1969. Idan ka kalle shi bayan na Rouch sai ka ga labari ɗaya ne, amma a wannan karo mai labarin ne ke zaɓen inda za a ajiye kyamara da inda za a yi shiru. Fim ɗinsa na biyu, Le Wazzou polygame, game da Alhajin da ya dawo daga Makka ya ƙara aure da yarinyar da aka yi wa wani saurayi alkawari har kishi ya kai ga zubar da jini, shi ne ya fara cin babbar kyautar Yennenga a bikin finafinan Afirka na FESPACO a Wagadugu a 1972, shekarar da aka fara bayar da ita. Ganda ya rasu ranar 1 ga Janairu 1981 yana da shekara 45. Mutane da yawa a Yamai suna shiga cibiyar al'adu mai sunansa kallon wasanni, kuma ina shakkar ko ɗaya cikin ɗari ya taɓa ganin fim ɗinsa.

Ba ni da bakin yi musu gori, domin ni na girma ne a garin da Moustapha Alassane ya zauna shekaru masu yawa yana aikinsa, amma ban taɓa ganin fim ɗinsa ko ɗaya ba sai bayan rasuwarsa a watan Maris na 2015. Tun yana yaro yake yanka kwali yana haska inuwarsa da fitila don nishaɗantar da mutane. Ya yi Aouré a 1962, game da aure a wani ƙauyen Zabarmawa, shekara guda kafin Sembène ya fitar da Borom Sarret, wanda galibi ake farawa da shi idan ana ba da tarihin silimar Afirka ta Yamma. Ya je Kanada ya ƙaro sani kan zane mai motsi a wurin Norman McLaren, kuma a 1966 ya yi Bon voyage Sim, minti biyar na zanen kwaɗi, inda shugaban ƙasar kwaɗi ke kai ziyarar aiki da faretin soja da jawabai da sauran shagulgulan da sababbin gwamnatocinmu suka gada, shekara shida kacal bayan samun ƴancin kai. A wannan shekarar dai ya yi Le Retour d'un aventurier, wanda a wurina babu fim ɗin da ya fi shi bayyana abin da silima ta yi mana. Wani saurayi ya dawo daga Amurka da akwati cike da huluna da bindigogi da takalman kaboyi, ya raba wa abokansa, suka sauya sunaye, suka hau dawakai, suka shiga addabar ƙauyensu da sata da faɗa har wasa ya zama kisa. Zalika Souley tana ciki, haka ma Djingarey Maïga wanda daga baya ya zama darakta. Fim ne na kaboyi kuma sharhi ne a kan masu kallon fim ɗin kaboyi, kuma Kawu, da ya ƙi faɗin sunansa na Abijan, ya yi dariya har da hawaye sannan ya yi shiru.

Abin takaicin da na tarar cikin wannan tafiya shi ne, yayin da na matso gida, samun finafinan ya ƙara wuya. Chaplin da Eisenstein suna nan a intanet tsaf, an wanke su an gyara, kamar jiya aka ɗauka. Namu kuwa sai da na yi ta roƙo da cigiya wurin abokai a Yamai da waje, kuma abin da na samu sau da yawa kwafi ne daga tsohon kaset, dishi-dishi, sauti yana shaƙewa, wani ma babu farkonsa. Asalin zaren yawancinsu yana ajiye a Turai inda aka wanke su, wanda ya rage a nan kuma zafi abokin gabarsa ne, domin zaren da ya maye gurbin naitiret idan ya sha zafi da laima yakan fara warin tsami ya lanƙwashe har ya ƙi shiga na'ura. Akwai ɗan motsi. A 2017 gidauniyar daraktan Amurka Martin Scorsese da ƙungiyar masu shirya finafinai ta Afirka, FEPACI, da hukumar UNESCO suka ƙaddamar da shirin gyara finafinan Afirka guda 50. Shaihu Umar na Adamu Halilu, fim ɗin Hausa na 1976 da aka ɗauko daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda aka daɗe ana zaton ya ɓace, an gano shi an gyara an nuna shi a bikin finafinai na Balin a Jamus a 2018. Amma gyara a Turai da nunawa a Turai bai kawo fim ɗin tsakar gida a Tawa ba, kuma mafi yawan gidajen silima da iyayenmu suka sani a Yamai da sauran garuruwa sun daɗe da rufewa.

Wanda ke son bin wannan hanya ba ya buƙatar abin da ya wuce waya ko kwamfuta da haƙuri. Abin da ya fi yi mini amfani shi ne bin shekaru a jere, da sake kallon sashen da ya burge ni bayan na kashe sauti, domin a lokacin ne ido ke daina bin labari ya fara ganin inda aka yanke da inda aka ajiye haske. Ina da ɗan littafi da nake rubuta tambaya ɗaya tak bayan kowane fim, wato mene ne wannan ya iya yi wanda na makon jiya bai iya ba. Wasu finafinan sun gundure ni, ban kuma ɓoye wa kaina ba, na rubuta hakan.

Asabar ɗin da ta wuce muna tsakiyar Sarraounia na Med Hondo, wanda ya ci kyautar Yennenga a 1987 da labarin sarauniyar Lugu da ta tari rundunar hafsoshin Faransa Voulet da Chanoine a 1899, sai aka ɗauke wuta. Muka zauna cikin duhu muna fifita. Can sai ɗaya daga cikin jikokin Kawu ta kunna fitilar hannu a bayan wani kwalin sukari da ta yayyage, inuwar wani abu mai kama da doki ta bayyana a kan zanen, ƙannenta suka shiga gardamar wanda zai riƙe fitilar. Kawu ya ƙara shayi, ya juyo ya ce mini, “Ɗana, in wutar ta dawo da wuri, bar Sarauniya sai mako mai zuwa, ka sake sa mini na Abijan ɗin nan.”